FILIN MANOMA: SU A KOGIN CHALLAWA, KOWANE LOKACI DA DABARARSA

Daga Malamin Gona, Bompai, Kano

A wannan mako za mu jingine fartanya mu ɗauki homa. Kada wani ya ce ina ruwan filin manoma da kamun kifi. Duk wanda ya san garuruwan bakin kogi, tun daga Karaye har Panshekara da Tamburawa da Wudil, ya san yawancin masuntanmu manoma ne. Mutum ya yi noma da damina, ya yi lambu da rani, a tsakani kuwa ya shiga ruwa ya samo na miya da na sayarwa. Har cikin ma'aikatan masana'antu na Sharaɗa da Challawa da nan Bompai akwai masu ɗaukar fatsa ran hutu su nufi kogi.

Kukan da ake yawan ji a bakinsu guda ne, wai kifi ya yi ƙaranci, wanda ake samu kuwa duk ƙanana ne. Wani ya ce sa'a ce ba shi da ita, wani ya ce an yi masa baki. To, arziki na Allah ne, amma kifi ba ya yawo a banza. Ruwa yake bi. Wanda ya san halin ruwa a kowane lokaci na shekara ya san inda kifi yake, ya san kayan da zai kai masa, ya kuma san lokacin da ya kamata a ƙyale shi ya hayayyafa.

KOGIN DA KE CIKA SAU BIYU A RANA

Kafin mu zo kan namu kogin bari mu leƙa bakin teku, gama akwai darasi a can. Waɗanda suka taɓa zuwa Ikko ko Fatakwal ko Kalaba sun ga abin mamaki. Kogunan can suna cika su janye sau biyu kowace rana, ko an yi ruwan sama ko ba a yi ba. Da safe ka ga jirgi zaune a kan taɓo, kafin azahar ka tarar ya taso bisa ruwa. Dalili kuwa, wata ne yake jan ruwan teku, rana ma tana taimaka masa. In teku ta kumbura sai ta tura ruwan gishiri cikin bakin kogi, har ka ga kogi yana gudu da baya. Bayan kamar sa'a 6 sai ta sake shi ya komo.

Cika biyu da janyewa biyu suna cin sa'a 24 da kamar minti 50, saboda haka kullum cikar tana ƙara jinkiri da kusan sa'a guda. Ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren 14 zuwa 15, ta fi rauni wajen 7 ga wata da 22. A Ikko tashin ruwan kamar ƙafa 3 ne, amma a Kalaba yakan kusa ƙafa 10. A ƙasar Gambiya kuwa ana ganin alamarsa a kogi fiye da mil 200 daga bakin teku.

Masuncin can da lissafin wata yake fita. Sa'ad da ruwa ke hawa, ƙananan kifi da jatan lande suna kutsawa cikin ƙoramu neman abinci, manya kuwa suna biye da su. In ruwa ya cika sai ya tare bakin ƙorama da shinge ko taru, ya zauna. Da ruwa ya janye, kifin da ya shiga ba shi da mafita. Ya kuma san in ruwa ya tsaya cik tsakanin cika da janyewa, kifi bai cika cin ƙugiya ba. Har wa yau yana lura da damina da rani. Da damina ruwan daɗi yana kore gishiri waje, da rani gishiri ya shigo can ciki, kifin teku ya biyo shi.

Darasin shi ne, in ruwa na hawa kifi na hawa, in yana sauka kifi na sauka, in ya kwanta kifi ya kwanta. Haka abin yake a Kalaba, haka yake a Wudil. Bambancin kaɗai, tasu cikar sau biyu ce a rana, tamu kuwa sau ɗaya ce a shekara. Wanda cikar safe ta wuce shi a can ya jira ta dare. Mu nan in ta wuce mu, ko muka ɓata ta, sai baɗi.

HALIN KOGIN NAMU

Kogin Challawa daga yamma yake fitowa, ya bi ta kudancin birnin Kano, ya haɗu da Kogin Kano kusa da Tamburawa. Daga nan suka zama Kogin Haɗeja, wanda ya ratsa Wudil da Ringim da Haɗeja, ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, ya haɗu da Kogin Jama'are, sauran ruwan ya bi Kogin Yobe zuwa Tafkin Chadi. Watau kifin da ake kamawa a Tamburawa da wanda ake kamawa a Nguru duk na gida ɗaya ne.

A zamanin da, ruwan sama kaɗai ke mulkin kogin nan. Mafi yawan ruwan shekara cikin Agusta da Satumba yake wucewa, da rani kuwa sai rairayi da 'yan gurabu nan da can. Yanzu abin ya sake. An gama madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, aka gama ta Challawa kusa da Karaye a 1992. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da su. Madatsan nan suna riƙe ruwan damina su riƙa sakinsa da rani domin noman rani da ruwan sha. Saboda haka ambaliyar da ke shiga fadama ta ragu, kogi kuwa ya daina ƙafewa sarai. Ruwan da ba ya yankewa shi ya ba ciyawar kachala dama ta toshe hanyoyin ruwa da yawa a ƙasar Haɗeja da Nguru.

Kun ga ke nan kogi ya zama da iyayengiji biyu, ga hadari ga ƙofar madatsa. Yana iya tashi cikin dare ba tare da an ga gajimare ba. Dabarar da za ta taimake ka ba ta cin ko kwabo. Ka kafa turke a daidai bakin ruwa da magariba, ka duba da asuba. In ruwa ya hau turken, kifi yana matsowa gefe da cikin ciyawa. In ya bar shi a tudu, kifi yana komawa tsakiya da gurabu. In ka riƙa yin haka kullum, cikin shekara guda za ka san kogin garinku fiye da wanda ya shekara goma yana shiga da ka.

FARKON DAMINA

Da shamuwa ta iso, aka yi ruwa biyu uku masu ƙarfi cikin Mayu ko Yuni, sai kogi ya kawo jan ruwa mai laka da tarkace. Wannan ruwa shi kifi ke jira tun bara. Tarwaɗa ce kan gaba. Da dare take tasowa garke garke, ta bi sabon ruwa zuwa cikin ciyawar da ya shafe, a nan take zuba ƙwai. Tana iya jan ciki a kan damshin ƙasa daga wannan kududdufi zuwa wancan, domin Allah ya ba ta wata halitta a cikin kai wadda take shaƙar iska da ita. Kawara da kurungu da ragon ruwa su ma duk a farkon cikar nan suke tashi.

A lokacin nan ido ba ya yi wa kifi amfani saboda laka, da hanci da gashin baki yake neman abinci. Saboda haka abin da za ka sa wa ƙugiya ya zama mai wari ko mai motsi, kamar tana, ko hanjin kaza, ko shingen da ke fitowa bayan ruwa. Wurin da ya fi kyau shi ne bakin ƙaramin rafi inda yake zuba cikin babban kogi, gama nan abinci ke taruwa. Lokaci kuwa, daren da ya biyo bayan ruwan sama.

Amma fa a nan ne babbar ɓarna take. Kifin da ke hawa a farkon damina cikinsa cike yake da ƙwai, ga shi ba ya tsoro, har da sanda yara ke kashe shi. Tarwaɗa ɗaya babba tana ɗauke da ƙwai dubbai masu yawa. Wanda ya tare bakin fadama ya kwashe su duka ya yi daidai da manomin da ya daka irinsa ya yi tuwo ana gobe shuka. Ka kama na miya da ƙugiya, ba laifi. Amma kada ka tare hanya, in kuwa ka ɗago mace mai kumburarren ciki, mayar da ita ruwa ya fi maka riba.

TSAKIYAR DAMINA

Daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, lokacin marka, kogi ya cika ya bazu. Masunta sukan ce kifi ya ɓace. Bai ɓace ba, warwatsuwa ya yi cikin ciyawa da gonakin shinkafa, yana kiwo yana renon 'ya'ya. Bargi yana share wuri cikin ciyawa ya yi sheƙa zagayayya mai faɗi, ya tsare 'ya'yansa. Yauni ma sheƙa yake yi, tasa kuwa bisa ruwa take yawo, yana da faɗa ƙwarai in an matso ta. Karfasa namiji ke haƙa ɗan rami a rairayi, mace ta zuba ƙwai, sa'an nan ta kwashe su cikin bakinta ta riƙe har su ƙyanƙyashe, ba ta cin abinci sai ta sake su. In ka kama karfasa ka ga ƙwai ko 'ya'ya na zubowa daga bakinta, ka san ba kifi ɗaya ka kashe ba.

Kamun wannan lokaci kaɗan ne, wahalarsa da yawa. Kada ka shimfiɗa kalli a tsakiyar kogi, itatuwan da ruwa ke kawowa za su yayyaga shi. Abin da ke aiki shi ne gura a gefen ciyawa da ɗan dusa ko ƙuliƙuli a ciki, da ƙugiya a bayan kwana inda ruwa ke juyawa a hankali. Kifi ba ya son kokawa da igiyar ruwa, a inda ta lafa yake laɓewa yana jiran abin da za ta kawo masa.

Ku kuma kiyayi rayukanku. Wannan shi ne lokacin da madatsai ke cika a saki ruwa. Mutanen ƙasar Kano da Jigawa ba su manta da ambaliyar daminar 2001 ba. In aka yi shela a rediyo za a saki ruwa, ku janye jirage da kaya, ku hana yara zuwa bakin kogi. Dama lokacin noma ne da maimai. Gona na neman mai ita, kogi kuwa na neman hutu, sai a ba kowa hakkinsa.

KAKA

Kakar kifi tare take zuwa da kakar hatsi. Daga Oktoba ruwa ya fara janyewa daga fadama, kifin da ya yi wata uku yana kiwo ya yi ƙiba, tilas ya nemi hanyar komawa kogi kafin a rufe shi. Manya ke fara fita, ƙanana su biyo baya. Duk ta 'yan ƙananan hanyoyin nan da ruwa ya shiga za su fito. Wannan ita ce janyewar da masuncin Kalaba ke jira kullum, mu kuwa muke jira shekara guda.

Nan gura da undurutu ke cin kasuwarsu. Ka kafa su a hanyar fita, bakinsu na duban fadama, watau inda ruwa ke fitowa. Wanda ya kafa su yadda ya kafa a farkon damina, bakinsu na duban kogi, zai kwana yana tsaron banza. Kalli kuwa a shimfiɗa shi da la'asar sakaliya a bin gefen ciyawa, a ɗebe da asuba kafin kifi ya mutu ya kumbura. Mamari ma yana kama tarwaɗa da kurungu sosai a lokacin nan, gama kifi na tafiya, ƙugiyoyin kuwa ba su bukatar abinci, jikinsa suke kamawa. Mai neman giwan ruwa ko tsage ya sa ɗan kifi mai rai a babbar ƙugiya, ya jefa a daidai inda hanyar fadama ta faɗa kogi, domin a nan suke kwanton ƙananan da ke fitowa.

Abu guda ne ke ɓata kaka, shi ne tare hanya gaba ɗaya. Dumba, watau jera gura daga wannan gaɓa zuwa waccan ba ko ƙofa, ya sha jawo rigima tsakanin masuntan sama da na ƙasa a fadamun Haɗeja da Nguru. Ba manya kaɗai yake kamawa ba, har 'yan bana masu tsawon yatsa. Ɗan kifin da za ka sayar a gwangwani yau, in ka bar shi ya shiga kogi, baɗi shi kaɗai ya isa miyar gida. Shawarata a bar akalla kashi ɗaya cikin uku na faɗin hanya a buɗe.

Da yake kifi na araha da kaka, mai dabara banda yake yi ya ajiye. A fasa cikin kifi tun yana sabo, a wanke, a sa gishiri kaɗan, a jera bisa waya. Wuta ta zama marar harshe, ta itace mai ƙarfi, a riƙa juyawa har ya bushe ƙayau. In za a ajiye, a riƙa mayar da shi kan hayaƙi lokaci lokaci saboda ƙwari. Kada a kuskura a fesa masa maganin ƙwarin gona. Wannan guba ce, mutane za ta ci.

HUNTURU

Daga Disamba zuwa Fabrairu ruwa ya yi sanyi ya kuma yi garau. Jikin kifi ba shi da ɗumi na kansa, yadda ruwa yake haka yake. In ruwa ya yi sanyi sai cinsa ya ragu, ya sauka gurbi mai zurfi ya lafe. Mutane da yawa suna sammako cikin ɗari su dawo hannu rabbana, alhali kuwa kifin bai tashi ba. Da hunturu daga hantsi zuwa la'asar ake su, sa'ad da rana ta ɗumama ruwa. A lokacin karfasa kan fito wurin da ba zurfi ta sha rana.

Mai birgi ya yi haka. Ya kwaɓa dusa da yumɓu ya dunƙula, ya jefa a wuri guda, ya ja da baya ya jira kifi ya taru, kana ya jefa birginsa. In ya riƙa zuba dusar a wuri ɗaya a lokaci ɗaya kwana uku huɗu, kifi zai saba. Mai fatsa kuwa ya rage girman ƙugiya da kaurin zare, ya sa abinci ɗan kaɗan, ya saukar da shi har ƙasa. Tun da ruwa ya yi garau, kifi na ganinka, mai jar koma. Kada inuwarka ta faɗa kan ruwa, kada ka buga ƙafa a cikin jirgi. Masu shiga tafkin Tiga da na Challawa su lura da iska, gama tana tayar da igiya mai kifar da kwalekwale, musamman wanda aka cika wa kaya.

BAZARA

Daga Maris zuwa Mayu zafi ya kai matuƙa, tafkunan gefen kogi sun tsuke, kifi ya cunkushe a ɗan wuri. Kifi ma iska yake shaƙa, wadda ke narke cikin ruwa, ruwan zafi kuwa bai riƙe ta da yawa. Gansakuka da ciyawar ruwa suna ba da iskar nan da rana, da dare kuwa su ma sha suke yi. Shi ya sa da asuba za ka ga kifi ya taso sama yana buɗe baki. Saboda haka da bazara da dare da asuba ake su, da rana kifi na can ƙarƙashin inuwa ko cikin saiwoyi. Tarwaɗa ce mai jimirin wannan hali. Gaiwa kuwa shigewa take yi cikin taɓo, ta naɗe kanta da yauƙi ta kwanta har ruwa ya dawo, shi ya sa masu haƙa a busasshiyar fadama ke tono ta da ranta.

Wannan ne lokacin su na gayya, da homa da gora. Kakanninmu ba su yi shi da ka ba. Sarkin Ruwa ke hana shiga tafki, shi ke kuma buɗewa, akwai kuma gurabun da ba a taɓawa ko kaɗan. Dubi Argungu, inda ake bikin su tun 1934. Ana tsare ruwan Matan Fada shekara guda ba mai jefa ko ƙugiya, ran biki kuwa homa da gora kaɗai aka yarda da su. Abin da ya sa ake fito da giwan ruwa wanda sai an taru a ɗauka ke nan. Hutun da aka ba ruwa ne ya haifar da shi. Kowane gari na bakin kogi ya kamata ya keɓe gurbi guda mai zurfi ya zama rumbun iri, domin kifin da ya tsira a cikinsa shi zai hau da jan ruwa ya cika kogi.

Mai shiga kwantaccen ruwa ya tuna da tsargiya, watau fitsarin jini. Ƙwayar cutar daga jikin ƙananan katantanwa take fitowa ta huda fata. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya tafi asibiti, maganinta yana nan. Kada kuma a yi fitsari ko bayan gida a ruwa, gama ta nan take yaɗuwa.

RUWAN MASANA'ANTU

Mu mutanen Kano muna da wata matsala wadda masuncin Argungu bai sani ba. Ruwan dattin masana'antun Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara, ya taru a madatsar Wasai ta wajen Minjibir, wadda aka gina a 1976. Na Sharaɗa yana bin rafin Salanta zuwa Kogin Challawa, na unguwar masana'antu ta Challawa kuwa kogin na kusa da shi. Majemun zamani suna aiki da farar ƙasa da wani magani mai warin ruɓaɓɓen ƙwai don cire gashi, da kuma gishirin wani ƙarfe da ake kira kuromiyam don jima. Masu rini da masaƙu su ma da nasu. In ruwan nan ya fita ba a tace shi ba, yana cinye iskar da kifi ke shaƙa, ƙarfen kuwa ya kwanta cikin laka, ya shiga jikin kifi a hankali.

Wannan ma da lokacinsa. Da marka ruwa na da yawa, yana surka dattin. Da bazara kuwa ruwa kaɗan ne, dattin ya yi kauri. Mafi muni shi ne ruwan farko, wanda ke wanko duk abin da ya taru a magudanu tun rani ya zuba a kogi lokaci guda. In kuka ga kifi ya taso yana juyi ko ya mutu da yawa bayan ruwan farko, kada ku kwasa, kada ku sayar. Ruwa ba ya tsami banza. Wuta ba ta kashe ƙarfe, banda ma ba ta fitar da shi.

Ga abin da za ku riƙe. Ku yi su a sama da inda magudanar masana'anta ke zuba, ba a ƙasa da ita ba. Ku guji ruwan da ya yi baƙi ko shuɗi, ko mai kumfa da wari. Kifin ƙasa irin su tarwaɗa da kurungu cikin laka suke kiwo, saboda haka na wurin da datti ke kwanciya abin gudu ne. In kun ga ana zubar da irin ruwan nan, ku gaya wa mai unguwa ko dagaci a kai magana Ma'aikatar Muhalli ta Jiha, ko hukumar NESREA ta Tarayya wadda aka kafa a 2007. Tace ruwa kafin a sake shi wajibi ne a kan mai masana'anta, ba alfarma ba ce.

ABIN DA DOKA TA HANA

A 1992 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar su a koguna da tafkuna. Ta hana kamun kifi da guba, da nakiya, da lantarki. Ta kuma hana taru mai idon da bai kai inci 3 ba, in ban da wasu 'yan kaya na musamman da ta keɓe. Masunta da yatsa suke auna ido, amma yatsun mutane ba ɗaya ba ne. Ka ja idon tarun ya miƙe, ka auna da ma'auni. Gidan sauro kuwa na gado ne, ba na kogi ba.

Game da guba, ko magimfa ce ta gargajiya ko maganin feshi irin Gammalin, ɓarnar ta wuce kifin da aka kwasa. Tana kashe ƙwai da 'ya'ya da ƙwarin da kifi ke ci, ga shanu na sha, ga mutane na ɗiba a ƙasa. Mutum ɗaya ya cika kwando rana ɗaya, gari duka ya yi shekara yana sayen kifin kankara.

A TAƘAICE

Farkon damina a kama kaɗan da ƙugiya, a bar masu ƙwai su wuce. Da marka a koma gona. Da kaka a kafa gura a hanyar fita, a bar ƙofa, a yi banda. Da hunturu a jira rana ta ɗaga, a nemi zurfi. Da bazara a fita da dare, a bar gurbin iri, a kuma yi nesa da magudanar masana'antu. Kullum kuwa a duba turke.

Ina roƙon Sarakunan Ruwa da dagatai na bakin kogi su tara masuntansu kafin ruwa ya sauka, a yi shawara a kan gurbin da za a keɓe da ranar da za a buɗe su. Gari ɗaya ba ya iya gyara kogi shi kaɗai, sai na sama da na ƙasa sun yi baki ɗaya. Wanda ke da tambaya ya aiko ta hannun Edita, ko ya nemi malamin gona na yankinsu. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan yadda ake haƙa tafkin kiwon kifi a gefen lambu. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.